Janar Joj Washinton da gine-ginen tunawa da shi: sojan da ya mayar da takobi



Laccar yau ta shafi wata ƙasa mai nisa da wani zamani da ya wuce. Amma tambayar da ke cikinta ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ta ga juyin mulkin soja a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Tambayar ita ce: idan al'umma ta tashi girmama sojan da ya yi mata yaƙi kuma ya mulke ta, wane aiki nasa take sassaƙawa a kan dutse? Amurka ta shekara fiye da 100 tana gardama kan wannan game da Janar Joj Washinton, kuma amsarta tana nan tsaye a gine-ginen da ta yi masa.

An haifi Washinton ranar 22 ga Fabrairu 1732 a Birjiniya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Babban manomi ne mai filaye da bayi. A watan Yuni 1775, da yankuna 13 suka yi wa Sarkin Ingila tawaye, majalisar wakilansu ta naɗa shi babban kwamandan askarawa. Ya sha kaye a fagage da dama, ya rasa birnin New York a 1776, sojojinsa sun sha yunwa da sanyi. Amma bai bar rundunar ta watse ba, har ranar 19 ga Oktoba 1781 da sojan Ingila ya miƙa wuya a Yorktown, da taimakon sojoji da jiragen ruwan Faransa. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Paris ranar 3 ga Satumba 1783.

Tsakanin nasara da sulhu ne babbar jarrabawa ta zo. A watan Mayu 1782 wani kanal, Lewis Nicola, ya rubuto masa wasiƙa cewa majalisa ta kasa, abin da ya dace shi ne sarauta, kuma an san wanda rawanin zai dace da shi. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Washinton ya amsa masa da kakkausar murya, ya umurce shi da ya fidda wannan tunani daga zuciyarsa. A watan Maris 1783 kuma, a sansanin Newburgh, hafsoshi suka fusata saboda bashin albashi da alkawarin fansho da majalisa ba ta cika ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa ƙirga watanni yana jiran albashi ya san irin wannan fushi, sai dai waɗannan da bindiga a hannunsu. Takarda marar sa hannu ta zaga sansani tana zuga su kada su aje makamai. Ranar 15 ga wata Washinton ya shigo taronsu ba zato, ya roƙe su kada su ɓata da hannunsu abin da suka yi shekara takwas suna ginawa. Da ya zo karanta wata wasiƙa, sai ya fiddo tabarau, ya nemi afuwa, ya ce furfura da raunin ido sun same shi a bautar ƙasa. Jikin hafsoshin ya yi sanyi, maganar bore ta mutu. Shi kuma ya matsa wa majalisa lamba, ta yarda ta biya su albashin shekara biyar a madadin fansho.

Ranar 23 ga Disamba 1783, a garin Annapolis, ya tsaya gaban wakilan majalisa ya mayar musu da takardar naɗinsa. An tsara bikin da gangan. Wakilai suna zaune da hulunansu a ka, janar yana tsaye. Shi ya sunkuya musu, su kuwa ɗaga hula kawai suka yi. Majalisar ba ta da kuɗi, ba ta da ƙarfi, shi kuwa sojoji da talakawa duk suna bayansa. Kashegari ya isa gonarsa ta Mount Vernon. Daga baya ya shugabanci taron rubuta kundin tsarin mulki a 1787, aka zaɓe shi shugaban ƙasa na farko a 1789, aka sake zaɓensa. Kundin bai ƙayyade wa'adi ba a lokacin, amma ya ƙi neman na uku, ya miƙa mulki ga John Adams ranar 4 ga Maris 1797. Ya rasu ranar 14 ga Disamba 1799. Sau biyu ke nan ya sauka da ƙafafunsa, sau ɗaya daga kan soja, sau ɗaya daga kan mulki.

To, a dubi abin da masu gini suka zaɓa daga wannan rayuwa.

A 1784 majalisar Birjiniya ta yanke shawarar a sassaƙa masa mutum-mutumi. Aka ɗauko gwanin Faransa, Jean-Antoine Houdon, ya zo Mount Vernon a watan Oktoba 1785, ya auna jikinsa, ya ɗauki siffar fuskarsa. Al'adar Turai a lokacin ita ce a sa wa manya tufafin sarakunan Rum na da, amma Washinton ya fi son kayan zamaninsa. Mutum-mutumin, na farin dutsen marmara, yana tsaye a ginin majalisar Richmond tun 1796, kuma tsawonsa daidai na mutumin ne, ba a ƙara ba. Yana sanye da kakin soja, amma abin da ke hannunsa na dama sanda ce irin ta dattijo mai zaga gona. Takobin a rataye yake a gefe, a jikin wani dami na sanduna 13, alamar jihohi 13 da suka haɗe. A bayansa kuma garma ce. Ko wanda bai yi lakkal ba zai karanta wannan. A 1921 Birjiniya ta ba Ingila kwafinsa na tagulla, aka kafa shi a dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan, babban birnin ƙasar da ya yaƙa.

Mutanen birnin Baltimore sun fara tasu hasumiya a 1815, suka gama a 1829, tsawonta mita 54, kuma da kuɗin caca ta gwamnati aka yi mafi yawan aikin. A ƙolinta akwai Washinton, hannunsa a miƙe. Abin da yake miƙawa takardar murabus ce. A babban zauren Kafitol, wato ginin majalisar dokokin ƙasa, akwai manyan zane-zane huɗu na John Trumbull, wanda shi kansa ya yi soja a ƙarƙashin Washinton. Ɗaya na shelar ƴancin kai ne, biyu na miƙa wuyan sojan Ingila, na huɗu kuwa, wanda ya gama a 1824, na ranar Annapolis ne. A bayan janar ɗin ya zana wata babbar kujera da alkyabba a kanta, ba kowa a kai. Trumbull ya ajiye ranar murabus daidai da ranakun nasara, kuma duk ɗan majalisar da ya ratsa zauren yana wucewa ta gabanta.

Sau biyu an yi yunƙurin ɗaukaka shi fiye da kima, sau biyu abin bai zauna ba. Bayan rasuwarsa, majalisa ta nemi a kawo gawarsa a binne a Kafitol, har aka gina ɗakin kabari a ƙarƙashin zauren. Amma wasiyyarsa ta ce a binne shi a gonarsa, cikin makwancin iyali na tubali, ba tare da shagali ba. A 1832, shekara 100 da haihuwarsa, majalisa ta sake nema, magajin gidan ya ƙi. Ɗakin kabarin yana nan har yau, ba a taɓa binne kowa a cikinsa ba. A wannan shekarar kuma aka ba Horatio Greenough kwangilar wani ƙaton mutum-mutumi. Ya sassaƙa Washinton zaune bisa karaga, ƙirji a buɗe, kamar babban abin bautar Girkawan da. Ko shi ma ya sa shi yana miƙa takobi ta wajen ƙota. Amma da aka kafa shi a 1841 jama'a suka yi ta dariya, wasu suna cewa janar ya fito wanka yana neman rigarsa. Bayan shekara biyu aka fidda shi waje, daga ƙarshe ya ƙare a gidan adana kayan tarihi. Mutanen ƙasar sun yarda a girmama shi a matsayin mutum, sun ƙi yarda a mai da shi abin bauta.

Sai babbar hasumiya ta birnin Washinton, wadda kowa ya sani a hoto. Tarihinta ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata su saurara da kyau, domin tarihin kuɗi ne da siyasa.

Tun 1783 majalisa ta yi alkawarin kafa masa mutum-mutumi bisa doki. Shekaru suka yi ta wucewa ba a aza ko tubali ɗaya ba, saboda rashin kuɗi da jayayyar jam'iyyu, wasu ma suna ganin irin wannan gini ya fi kama da na sarakuna. A 1833 wasu mutanen gari suka gaji da jira, suka kafa ƙungiyar tara gudummawa. Da farko suka ƙayyade kada kowa ya ba da fiye da dala ɗaya a shekara (dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba), don ginin ya zama na kowa, kada wani attajiri ya ce nasa ne. Niyya ta yi kyau, amma cikin shekara uku abin da aka tara bai wuce dala 28,000 ba. Sai ranar 4 ga Yuli 1848 aka aza harsashi, bisa tsarin magini Robert Mills, wanda shi ne ya tsara ta Baltimore.

Ƙungiyar ta gayyaci jihohi da garuruwa da ƙasashen waje su aiko da duwatsu masu rubutu a saka a bangon ciki. Yau akwai kusan 200, har da wanda Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid na Ɗaya, ya aiko daga Istanbul da rubutu cikin haruffan Larabci. Fafaroma Pius na Tara shi ma ya aiko da nasa. A lokacin akwai wata ƙungiyar siyasa da ake wa laƙabi da Know-Nothing, mai ƙin baƙi da mabiya ɗarikar Katolika. Wani dare a watan Maris 1854 wasu mutane suka shiga wurin aikin, suka sace dutsen Fafaroma, ba a sake ganinsa ba. A 1855 ƴan wannan ƙungiya suka ƙwace shugabancin kwamitin gini ta hanyar wani zaɓe na maguɗi. Majalisa tana dab da ba da dala 200,000, da ta ga haka sai ta janye hannunta. Masu gudummawa suka daina bayarwa. Ƴan layukan dutsen da sabbin shugabannin suka ɗora ba su da inganci, daga baya sai da aka sauke su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gini ya tsaya a wajen mita 46, sulusinsa ma bai cika ba.

Abin lura shi ne, a takardarsa ta ban kwana a 1796 Washinton ya gargaɗi mutanensa game da son zuciyar jam'iyya da ɓangaranci. Abin da ya yi gargaɗi a kai shi ne ya tsayar da hasumiyarsa, kuma bai tsaya nan ba. Daga 1861 zuwa 1865 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa kan batun bauta, mutane fiye da 600,000 suka mutu. A shekarun nan filin da ke kewaye da kututturen ginin ya zama garken shanu da mahauta ta ciyar da sojoji.

A 1876, shekara 100 da samun ƴancin kai, kunya ta kama majalisa, ta ware dala 200,000, gwamnati ta karɓi aikin. Aka damƙa shi ga injiniyan soja, Laftanar Kanal Thomas Casey. Abin da ya fara yi shi ne duba harsashi, ya tarar ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Sai da aka yi ta haƙa a ƙarƙashin ginin ana zuba kankare kafin a ɗora dutse ko ɗaya a sama. Ya kuma watsar da rumfar ginshiƙai da mutum-mutumin da Mills ya tsara a gindi, ya bar hasumiya tsurarta. Ranar 6 ga Disamba 1884 aka ɗora dutsen ƙarshe, da ɗan tsini na alminiyom mai nauyin kusan kilo uku, ƙarfen da a lokacin yana da tsada kamar azurfa. An yi bikin buɗewa ranar 21 ga Fabrairu 1885, aka ba jama'a damar hawa a 1888. Tsawonta mita 169, wato fiye da ninki shida na hasumiyar babban masallacin Agadas. Babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya sai da aka gama hasumiyar Eiffel a Paris a 1889. Duka-duka ta ci kusan dala miliyan ɗaya da dubu 200, da shekara 36.

Duk wanda ya tsaya a gindinta ya ɗaga kai zai ga launin dutsen ya canza a wajen mita 46. Marmarar da aka ci gaba da ita daga wata mahaƙa ta dabam aka samo, rana da ruwa kuma suka ƙara fito da bambancin. Ba a shafa fenti an ɓoye ba. Wannan layi shi ne tabon shekara 25 na rigima, kuma yana faɗin gaskiyar ƙasar fiye da jawaban da aka yi ranar buɗewa. A jikin ginin ta waje babu hoton yaƙi, babu fuskar janar. A watan Agusta 2011 girgizar ƙasa ta tsattsaga shi, aka rufe har 2014. Gyaran ya ci dala miliyan 15, rabi daga gwamnati, rabi daga aljihun wani ɗan kasuwa, David Rubenstein.

Gidansa na Mount Vernon shi ma sai da ya kusa rushewa. Magada suka kasa riƙe shi, gwamnatin tarayya da ta Birjiniya duka suka ƙi saye. Wata mace, Ann Pamela Cunningham, ita ta kafa ƙungiyar mata a 1853, suka bi gari-gari suna neman taimako, suka ƙulla ciniki a 1858 a kan dala 200,000. Ƙungiyar ce ke riƙe da gidan har yau, ba da kuɗin gwamnati ba. A zauren gidan akwai makullin kurkukun Bastille, wanda Lafayet, hafsan Faransa da ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa, ya aiko masa a 1790.

Amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma a wannan gida ne ɗacin yake. A 1799 bayi 317 ne a Mount Vernon, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka. Daga cikinsu 123 mallakarsa ne, mafi yawan sauran na dukiyar mijin matarsa na farko ne. Mutumin da ya yi yaƙi da sunan ƴanci shi ne ya sa hannu a 1793 kan dokar kamo bayin da suka gudu. Da wata baiwar matarsa, Ona Judge, ta tsere daga fadar shugaban ƙasa a Filadelfiya a 1796, ya sa an bi sawunta har New Hampshire, amma ba ta dawo ba. A wasiyyarsa ya ce a ƴanta nasa bayin bayan rasuwar matarsa, a kuma ciyar da tsofaffinsu. Matar ta ƴanta su ranar 1 ga Janairu 1801. Sauran kuwa aka raba su gado kamar dabbobi, aka raba mata da miji, uwa da ɗa. Haka kuma a 1779 shi ya ba da umurnin harin da ya ƙone garuruwa wajen 40 na Irokwa, mutanen ƙasar na asali.

Hasumiya mai mita 169 ba ta ce komi a kan wannan ba. ƴan taku kaɗan daga kabarinsa akwai kurmin da aka binne bayin gidan, babu suna a kan kabari ko ɗaya. A 1929 aka aje wani ɗan allo na dutse da ya kira su amintattun barori. Allon ya nutse cikin ciyawa har sai da baƙaƙen fata na yankin suka tashi da ƙorafi. A 1983 aka kafa sabon abin tunawa, wanda ɗaliban jami'ar Howard suka tsara: ginshiƙi ne na dutse da aka datse kansa, alamar rayuwar da ba a bari ta cika ba. Shekara 184 ke nan bayan rasuwar maigidan. A 2020, lokacin zanga-zangar nuna wariyar launi, wasu sun kayar da mutum-mutuminsa a birnin Portland. Gardamar ba ta ƙare ba, kuma alamar lafiyar ƙasa ce a iya yin ta a fili.

Abu uku za a iya ɗauka daga nan.

Na farko, manyan gine-ginen nan ba Washinton ne ya gina wa kansa su ba. Wasu an yi su bayan ya tuɓe kaki, mafi yawa bayan ya daɗe a kabari, da dala ɗai-ɗai ta talakawa da guminsu. An sa wa babban birnin ƙasa sunansa tun yana kan mulki a 1791, amma shi a takardunsa ya fi kiransa birnin tarayya. Ginin da mai mulki ya yi wa kansa yakan faɗi tare da shi. Wanda jama'a suka yi bayan ba ya nan, ba tsoro ba kwaɗayi, shi ke daɗewa.

Na biyu, janar-janar da suka ci yaƙi suna da yawa a tarihi. Napoleon ya ci, ya naɗa wa kansa sarauta a 1804, ya mutu a tsare a tsibirin Sent Helena. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ƙarfi ke hannunsa, jama'a na tafa masa, farar hula sun nuna gazawa, amma ya ce wa'adi ya cika. Al'adar wa'adi biyu da Washinton ya bari ta yi shekara fiye da 140 ba doka, sai Franklin Roosevelt ya karya ta a 1940, shi ya sa aka shigar da ita cikin kundin tsarin mulki a 1951. Abin da ya fara da halin mutum ɗaya ya koma doka a kan kowa, domin ƙasa ba ta dogara da sa'ar samun mutumin kirki kowane lokaci.

Na uku, girmama mutum ba ya hana a faɗi laifinsa. Hasumiyar babban birni da datsattsen ginshiƙin kurmin bayi duka na tarihi ɗaya ne, wanda ya ziyarci ɗaya ya ƙi ɗaya ya ji rabin labari.

Ƴan kasuwa sun fi kowa ganin fuskar wannan mutum, domin ita ce a kan takardar dala ɗaya. Duk ranar da ta biyo ta hannun wani a wajen canji, ya tuna abin da Houdon ya sassaƙa: takobi a rataye, garma a baya.

Allah ya ba ƙasa shugabanni masu sanin ranar hawa da ranar sauka, ya ba talakawa idon gane su.